Shuɗiyar Fitilar Sannu-Sannu

A tashar da ke bayan kasuwa, in ka ce kana neman Sannu-Sannu, ko mai ruwan sanyi zai nuna maka shi da baki. Ba sunan yanka ba ne, amma na yankan ya daɗe da shiga ciyawa, har shi kansa in aka kira shi da shi a layin asibiti sai an maimaita kafin ya miƙe. Tsoho ne siriri, mai furfura a saje, rigarsa kullum a goge. Motarsa fara ce mai ƙofa huɗu, ta ga jiya ta ga yau, da ita yake ɗauko 'yan makaranta da rana, ya kwashi mata 'yan kasuwa da kayansu da yamma. Ba abin da zai sa ka sake kallonta sai fitilunta na gaba. Shuɗɗa ne, irin waɗanda samari masu tashen gayu suke sa wa motocinsu. Direbobin tasha sun yi tsokanar har sun gaji. Wani ya ce Baba ya koma saurayi, wani ya ce saura kiɗa da baƙin gilashi. Shi dai murmushi yake yi ya ci gaba da goge madubinsa, bai taɓa gaya musu dalili ba.

Sunan nan kuwa da guminsa ya same shi. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan motar gidan burodi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Burodi kan isa shaguna ya huce, masu shago su yi ta mita, shi kuma ya ce musu sauri ya haifi nawa. In direba ya wuce shi da gudu yana danna masa hon, ba ya ko ɗaga kai, sai dai ya ce Allah ya kai ka lafiya. Sau da yawa kuma yakan tarar da mai gudun a gaba, bonet a buɗe, yana fifita inji da hula. Da ya bar aikin, mai gidan burodin ya sallame shi da farar motar nan, ya ce ya san a hannunsa sai ta binne su duka.

Hatta aurensa haka ya yi shi. Akwai wata yarinya da take ɗinki a shagon babanta kusa da gidan burodin. Ya kai mata wando ta ɗinke masa aljihu. Bayan mako biyu ya kai wani. Da wandunansa suka ƙare ya koma aro wurin abokan aiki, yana ɓarke ƙafafun wandunan da kansa. Shekara biyu cur ana wannan, ba ya cewa komai sai sannu da aiki da nawa ne. Ran nan ta ɗaga wani wando da ko makaho ya shafa ya san ba zai shige shi ba, ta ce, “Malam, wannan kuma na wane bawan Allah ne? In magana ce da kai, ga babana can zaune.” Tun daga ranar Tela yake ce mata, ita kuma Malam, har suka haifi 'ya'ya uku, suka aurar da su, kowanne ya kama gabansa a wani gari.

Da ma a ce halin mutum yana tsayawa inda yake da amfani, da duniya ta yi sauƙi. Ba ya tsayawa. Lokacin da Tela ta fara kuskuren kafar allura, ta ce kanta na sarawa, in ta dubi fitilar ɗaki sai ta ga wani zobe ya kewaye ta, Sannu-Sannu ya ce gajiya ce, ta rage aikin dare. Da ta fara buga kafaɗa a bakin ƙofar da ta shekara talatin tana wucewa, ya sayo mata tabarau wurin mai talla. Ta ce ko za su je asibiti. Ya ce za su je, bari a gama ɗinkin kayan 'yan makaranta. Aka gama, ya ce bari ruwa ya ɗauke, hanyar asibitin ta lalace. Ba rowa ba ce, ba kuma rashin so ba, kowa a unguwar shaida ne. Mutum ne da duk rayuwarsa ya ga jinkiri yana fitar da shi, bai taɓa zaton akwai ranar da zai ci shi ba. Sai da aka shekara biyu, ranar da ta yanke yadin mutane a karkace ta zauna tana kuka, sannan ya ɗauko mukulli.

Likitar ƙaramar mace ce, sa'ar autarsu. Ta daɗe tana haska idon, ta auna, ta sake aunawa, sannan ta ajiye abin hannunta ta dube shi.

“Baba, ina kuke tun tuni?”

Ta ce hawan jinin ido ne, yana cin jijiya a hankali, abin da ya ci kuma ya ci ke nan, ba ya dawowa. Da sun zo da wuri da an tare shi. Yanzu sai dai a riƙe ɗan abin da ya rage da maganin ɗigawa, safe da yamma, ba fashi. “Muddin tana bambanta haske da duhu,” in ji likitar, “akwai abin da muke karewa.”

A hanyar dawowa Tela ba ta ce kai ka ja ba. Ba ta faɗa ranar ba, ba ta faɗa bayan nan ba, ko da wasa. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Abin ya zauna masa a ƙirji kamar ƙaya, ya kwana da shi ya tashi da shi. Mutumin da bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba ya zama ba ya saɓa lokacin ɗiga magani ko da minti biyar. Shi yake wanke hannu, ya ɗaga mata haɓa, ya ɗiga, ya riƙe mata fatar idon har ya ƙirga talatin. Duk da haka ganin ya ci gaba da tafiya. Fuskoki suka tafi, launin kaya ya tafi. Aka lulluɓe keken ɗinki da zani aka tura shi bayan ƙofa. Ta haddace gidan da ƙafa da tafin hannu, taku bakwai daga gado zuwa ƙofa, taku huɗu zuwa randa, har baƙo ba zai ce ba ta gani ba sai ya miƙa mata abu.

Sai ta tsiri zama a ƙofar gida da yamma. Akwai ɗan benci jikin bango, a nan take zama in rana ta faɗi, tana jiran dawowarsa. Layin nasu ba ya ɓullewa, motoci kaɗan ne suke shigowa, amma duk wadda ta shigo sai ta miƙe tana gyara mayafi, don hasken fitila kawai take gani, kuma duk iri ɗaya ne a wurinta. Ta sha yi wa mai kawo gas sannu da zuwa Malam, ta sha yi wa surukin maƙwabta. Tana mayar da abin dariya in tana ba shi labari, amma ya san matarsa, ya san kunyar tana cin ta.

Wata yamma ya riga ya dawo, suna zaune tare a bencin, sai wani saurayi ya shigo layin da mota bisa kuskure, ya juya ya fita. Tela ta kama hannun mijinta.

“Malam, waccan ta wane ne, mai shuɗi?”

Ya juyo ya dube ta. Wata takwas rabon da ya ji ta ambaci launin wani abu.

“Kin ga shuɗi ne?”

“Shuɗi mana. Kamar zaren da nake yi wa rigunan makaranta baki da shi.”

Washegari, kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, yana shagon Dogo mai wutar mota. Wannan shi ne abu na farko da Sannu-Sannu ya yi a rayuwarsa ba tare da ya kwana bakwai yana shawara ba.

Shagon Dogo ɗan ƙarami ne, a ƙarshen wani dogon lungu mai rufin kwano, ko da tsakar rana da duhu-duhu. Wayoyi na rataye a ƙusa, tsofaffin batura jere a ƙasa, bango duk zanen alli inda yake saita tsayin haske. Dogo ba ya ɓoye wa mai saye gaskiya, shi ya sa bai yi arziki ba. Ya zube ƙwayayen fitila iri uku a kan tebur ya ce, “Baba, bari in gaya maka tun yanzu. Shuɗin nan shafe ne aka yi wa gilashin ƙwan. Iya yawan shuɗin, iya raguwar hasken da zai kai ƙasa. Samari suna ganin ya fi haske, ƙarya ido yake musu. In ana ruwa ma sai ka yi da gaske za ka ga kwalta. Ga shi ba ya daɗewa kamar farin. In don ka ga hanya ne, bar naka.”

“Ba don in gani ba ne,” in ji tsohon. “Don a gan ni ne.”

Dogo ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga abin da tsohon yake yi. Ya ciro wani ƙyalle mai shara-shara daga aljihu, cikin ragowar yadin Tela, ya ninka shi biyu. Ya taka har bakin lungu, kimanin nisan da ke tsakanin kwanar layinsu da bencin, ya ɗaure ƙyallen a ido, ya ce a kunna. Dogo ya sa na farko. Tsohon ya ce wannan fari ne kawai. Ya sa na biyu, tsohon ya ce da dama-dama. Ya sa na uku, tsohon ya ce a koma kan na biyu, a sake komawa na uku. Masu wucewa suka tsaya kallon dattijo da ido a ɗaure yana nuna mota da yatsa. Da ya kwance ƙyallen ya gaya wa Dogo dalili a taƙaice. Dogo ya ɗauki ƙwan da takarda, don ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana ƙona shi, ya ɗaura biyun, ya saita su da zanen allin bango don kada su kashe wa masu tahowa ido.

Da yammar nan, yana karyo kwana, Tela ta miƙe tun daga nesa tana ɗaga hannu. Ya tsaya ya fito, ta ce, “Na gan ka tun daga kwana.” Mutumin nan ya shiga bayan gida ya daɗe, ya fito yana cewa ƙura ce ta shigar masa ido.

Shekara biyar aka yi a haka. Ya rage tuƙin dare gaba ɗaya, tunda shi kansa ba ya ganin hanya sosai da fitilun. In ruwa ya tsuge yakan tafi kamar mai bin gawa. Ma'aikatan hanya sun tare shi sau uku saboda fitilun, sau uku yana cire hula yana ba su haƙuri. Duk bayan wata bakwai ko takwas ƙwai ɗaya ya mutu, ya koma lungun Dogo. Yakan tambayi Tela yadda take ganin hasken yanzu, in ta ce ya ɗan dusashe, sai ya ƙara wa ƙyallen ninki. Daga biyu ya koma uku, ya koma huɗu. Shuɗin da yake zaɓa ma yana ƙara duhu. Amma kullum yamma tana miƙewa, kullum tana cewa ta gan shi, shi kuma da wannan yake iya barci. In dai tana ganin fitilar, to bai makara gaba ɗaya ba, akwai abin da ya ceto. Ko da ta fara ƙin zuwa asibiti, ta ce layin ya yi mata tsawo, gwiwarta ba ta ɗauka, ya matsa mata kaɗan sai ta ce, “Ina ganin fitilarka, Malam. Me likita za ta ƙara gaya mana?” Ya ga kuma gaskiyarta, ya rinƙa karɓo maganin shi kaɗai.

Ranar da abin ya faru, ƙwan hagu ne ya mutu. Da safe yana ɗiga mata magani ya gaya mata yau zai sa sababbi, Dogo ya ce an kawo wani iri da ya fi duk na baya. Ta ce to, Allah ya sa a dace.

Ya isa shagon bayan la'asar. Wannan karon ninki biyar ya yi wa ƙyallen, da ƙyar yake ganin komai ta cikinsa. Dogo ya gwada huɗu, tsohon yana tsaye a bakin lungu yana cewa sake, sake, har na ƙarshen ya ratso ƙyallen kamar ɗigon shuni a ruwa. Ya ce shi ne wannan. Da Dogo ya gama ɗaurawa, ya tayar da motar don ya saita hasken, sai ya yamutsa fuska. Wani ƙarfe ne yake kaɗawa a ƙarƙashi, kwaram-kwaram, ga kuma wani gurnani kamar na injin niƙa.

“Baba, tun yaushe salansar nan take wannan ihun?”

“Ta kwana biyu. Ina ta cewa zan kai wa bakanike.”

“Kwana biyu irin naka ko irin na mutane?”

Tsohon ya yi lissafi ya ce za a yi shekara ɗaya da rabi. Dogo ya girgiza kai, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar da sifana. Maɗaurin da ya haɗa salansa da bututu ne ya saki, noti biyu kacal. Ya ɗaure su tamau ya fito yana kakkaɓe wando. Motar ta yi tsit, sai ɗan numfashin inji kamar sabuwa. “Wannan kyauta ce,” in ji Dogo, “ka gaida Mama.”

Sannu-Sannu ya kama hanya ransa fari. Rana ta faɗi, gari ya fara duhu, daidai lokacin da shuɗin yake fi fitowa. Ya karyo kwanar layinsu a hankali, hasken ya kwanta a kan bangon gidansu, ya hau bencin. Tana nan zaune, hannuwanta a kan cinya, ta ɗan karkatar da kai gefe. Ba ta miƙe ba. Ya ce ko tunani take yi. Ya matso, ya ɗaga babbar wuta ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya zo har inda ya saba tsayawa, taku biyar tsakaninsa da ita, shuɗin ya cika mata fuska har yana ganin ɗigon maganin safe da ya bushe a gefen idonta. Idanun a buɗe suke, ko ƙiftawa ba su yi ba.

Sai ta ji ƙarar taya a kan tsakuwa. Ta gyara mayafi, ta juyo da fuska wajen motar, ta yi magana da muryar da take yi wa baƙi.

“Bawan Allah, don Allah in ajiyewa za ka yi, ɗan matsa gaba. Nan wurin maigidana ne, yanzu zai dawo.” Ta ɗan saurara, da ba a amsa ba ta ƙara da cewa, “In ka fita za ka gamu da shi a hanya, motarsa mai shuɗiyar fitila ce.”

Ashe kunne take kasawa. Ashe ƙarar nan da yake jin kunyarta a tasha ita ce take tayar da ita daga bencin. Tun yaushe? Wata uku, shekara, ko tun ranar da ta fara ƙin zuwa asibiti? Ba shi da hanyar sani. Yana can bakin lungu da ƙyalle a ido yana ƙara ninki, ita tana nan cikin duhun da ba shi da ninki, tana ƙirƙiro masa amsa don ya samu ya yi barci. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ta tambaye shi ina suke tun tuni. Ya so ya buɗe ƙofa ya durƙusa a gabanta ya ce Tela ni ne, ki yafe mini. Ya kai hannu kan mariƙin ƙofar, sai ya dubi yadda ta koma ta karkatar da kai wajen kwana tana jira. Abu ɗaya ya rage mata da take iya yi masa a duniya, in ya fito yanzu ya karɓe shi ke nan.

Ya sa giyar baya, ya sulale a hankali har ya fita daga layin. A bayan wani shago da aka rufe ya tsaya, ya ɗauko sifana a but, ya kwanta a ƙasa da gogaggiyar rigarsa. Ƙarfen da zafi, ya ƙone shi a bayan hannu, bai ji ba sai daga baya. Dogo ya ɗaure notin da ƙarfin saurayi, sai da ya sa ƙafa ya tokare taya kafin na farko ya motsa. Ya kwance su daidai yadda suke a da, ya zauna a ƙasa jikin motar har numfashinsa ya dawo, ya share fuska da hula.

Da ya sake karyo kwanar, motar na gurnani tana kwaram-kwaram, Tela ta miƙe tun daga nesa tana ɗaga hannu. Ya tsaya, ya kashe inji, ya fito.

“Yau ka daɗe, Malam. Wani ma ya so ya tare maka wuri, na kore shi.”

“Kin kyauta.”

“Sababbin ne waɗannan?” Ta juya fuska wajen da zafin inji yake fitowa, ta yi murmushi. “Lallai Dogo ya yi gaskiya. Sun fi na da kyau nesa ba kusa ba.”

“Na daɗe ina zaɓa,” in ji shi.

Ya miƙa hannu ta taga ya kashe fitilun. Ya kamo ta da hannun da bai ƙone ba, suka shiga ciki, ya zaunar da ita a bakin gado. Lokacin magani ya yi. Ya wanke hannu, ya ɗaga mata haɓa, ya ɗiga a dama ya ɗiga a hagu, ya riƙe mata fatar idon ya fara ƙirgawa.